Tsaga a Sunan Sarki Ishaƙu

Cikin ƙarni na goma sha uku na Hijira, a wani lungu tsakanin duwatsu da Kogin Marke, an yi wata 'yar ƙasa mai suna Kurmasa. Mai doki lafiyayye in ya shige ta da hantsi, kafin la'asar ya ɓulla ta ɗaya gefen. Ba ta da yawan jama'a, ba ta taɓa cin garin kowa ba, kuma kowace kaka takan aika gaisuwa Birnin Talwasa, domin a ƙarƙashin tutar Talwasa take. Abu ɗaya Kurmasawa suke ɗaga kai da shi a kasuwannin maƙwabta, shi ne suna da kuɗin kansu.

Wahala ce ta kawo abin. A zamanin Sarki Ranau yaƙi ya toshe hanyar kudu shekara huɗu, wuri ya daina shigowa, har mata suka koma musayar gero da daddawa. Ana cikin haka wani ayari ya sauka daga arewa da sandunan jan ƙarfe, ya rasa mai saye. Ranau ya kwashe su duka, ya tara maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, ya ce su daddatsa su ƙanana su buga musu hatimi. Abin da ya fito bai fi farcen babban yatsa ba, jama'a suka sa masa suna ɗan-ja. Da fari mata sun ƙi shi ƙememe, wai yana sa hannu ƙarni, kuma in ya kwana cikin ƙoƙo mai laima sai ya wayi gari kore shar. Ranau bai yi musu da kowa ba, ya dai ce daga yau fada ba ta karɓar wuri. Kafin shekara goma ta zagayo tsofaffi kaɗai ke kewar wuri, su ma ɗan-ja ne ƙulle a bakin zanensu.

Talwasa ta yarda da kuɗin bisa sharaɗi guda: fuska ɗaya sunan Sarkin Kurmasa, ɗaya fuskar sunan Sarkin Talwasa. Hatimi biyu ke nan, na ƙasa da ake kafawa a uwar maƙera, da na sama da maƙeri ke riƙewa ya saukar masa da masaɓa. Na sama shi ke ɗauke da sunan sarkin gida. Ranar naɗi ake sassaƙa shi, kuma ba a yin wani sai sarki ya kau. To, Kurmasawa suna da wata al'ada a kansa. In hatimin sama ya tsage sarki na da rai, Alkali zai tara masu zaɓen sarki ya yi musu tambaya ɗaya: tsagar nan ta hannu ce, ko ta karaga? In ta karaga ce, mulki ya ƙare. In ta hannu ce, a sare hannun daman maƙerin da ya yi bugun, don sharrin ya tsaya a kansa. Sau biyu aka taɓa yin tambayar. Ba sai an faɗa wa kowa amsar da dattawa suka bayar ba, tunda sarki na zaune yana kallon bakinsu.

Sarkin Maƙeran Fari na zamanin da muke magana shi ne Cindo, gajere, ɗan shekara hamsin, mai yatsa shida a hannun dama. Ya tashi yana ganin baffansa, wanda aka sare wa hannun dama, na cin tuwo da hagu, ya juya wa mutane baya don kunya. Cindo ba mai surutu ba ne, sai fa in an taɓa aikinsa. Yakan ce ko idonsa a rufe aka miƙa masa ɗan-ja, yatsansa zai gaya masa bugunsa ne ko na ubansa. Ƙanensa Nomau ke yi masa zuga tun suna yara, har ga shi furfura ta fito wa kowannensu a gemu.

A shekara ta bakwai ta mulkin Sarki Ishaƙu, jikan Ranau, aka kira Cindo zauren fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya raɓe can kusa da ƙofa.

Sarki ya ce, “Galadima, Madawaki, Alkali, da ku sauran dattawan ƙasa. Jan ƙarfen nan namu ne, gawayin namu, gumin namu. Kakana ya ƙirƙiri ɗan-ja Talwasa ba ta ara masa ko awartaki ba. Shekara sittin ke nan matan Kurmasa na sayen gishiri da sunan mutumin da bai taɓa shan ruwan kogin nan ba. Na yi niyyar a kankare sunan, a sa hoton mashi a gurbinsa.”

Galadima Barmo, wani siririn tsoho mai magana a hankali, ya gyara zama. Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Sunan nan da ke bayan ɗan-ja bai taɓa cin hatsinmu ba, bai hau dokinmu ba, yana kwance shiru inda kakanka ya ajiye shi. Amma ran da aka kankare shi, mai sunan zai taso da ƙafarsa ya zo nema, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.”

Madawaki Tunau, shugaban mayaƙa, ɗan baffan Sarki ne. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, ban ma san abin da ke rubuce a kai ba. In ka ce a kankare, a kankare. Roƙona ɗaya, kowa a zauren nan ya sani cewa da jinin yarana za a biya wannan suna.”

Sarki ya daɗe yana dubansa. An jima ana raɗe-raɗin cewa da masu zaɓe sun bi son jama'a, Tunau ne zai hau karaga, kuma Ishaƙu bai taɓa mantawa ba. Daga nan ya waiwayi ƙofa ya ce, “Sarkin Maƙera, ka ji. A sassaƙa mashi.”

Wata biyu da fitar sabon ɗan-ja sai ga jakadan Talwasa. Ya ƙi sauka masauki, ya wuce zaure da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ya ajiye ɗan-ja guda a kan buzu, ya juya shi, ya sake juya shi.

Ya ce, “Ubangijina na gaishe da Sarkin Kurmasa. Ya ce ya nemi sunansa a nan bai gani ba. Ya ce ya san maƙera akwai mantuwa. In mantuwa ce, a ba ni maƙerin da hatiminsa in tafi da su, magana ta mutu.”

Cindo na raɓe a wurinsa yana ji. Sarki kuwa ko kallon inda yake bai yi ba. Ya ce, “Ka gaya wa Sarkin Talwasa maƙerina bai yi mantuwa ba, abin da na sa shi ya yi. Hannunsa hannuna ne. Wanda ke son sa ya zo ya karɓa a wurina.”

Daga ranar Cindo ya ji in Sarki ya ce ya faɗa wuta zai faɗa.

Shirin yaƙi kuwa kuɗi yake ci. Aka ce maƙera ta yi ta bugu daga asuba zuwa faɗuwar rana. Sandunan jan ƙarfe suka ƙare, aka shiga kwaso mundaye da tasoshin tagulla daga gidaje ana narkewa. Cindo ya yi ƙorafi cewa wannan haɗin ya fi tauri, hatimi ba zai so shi ba, aka ce masa hatimi ba ya zuwa fada ya yi ƙara. A cikin kwana arba'in ya buga abin da bai buga ba a shekara bakwai.

Ranar wata Alhamis da azahar ya tsaya shan ruwa, ya sa hannu cikin masakin da ke tara bugun ranar, ya ɗebo guda yana murzawa kamar yadda ya saba. Yatsansa ya ci karo da wani siririn layi. Ya kai shi haske. Layin ya taso daga gefe, ya ratsa tsakiyar sunan Ishaƙu, ya fita ta ɗaya gefen. Ya ɗebo wani, haka. Ya tona har gindin masaki, duk haka. Ya juya hatimin sama ya duba, ga tsaga nan siririya kamar gashin wutsiyar doki.

Nomau ya saki zuga-zugi ya matso. Ya duba, ya dubi hannun wansa.

Ya ce, “Yaya, a mayar da su wuta. Ni da kai kaɗai muka gani.”

Suna cikin kinkimar masakin zuwa bakin wuta aka yi sallama. Galadima Barmo ne da kansa, da bayi biyu, abin da bai taɓa yi ba, domin Ma'aji ne ke aiko a karɓi kuɗi. Ya ce masu gyaran ganuwa sun ajiye aiki sai an sallame su, bugun yau yake so, yanzu. Ya sunkuya ya ɗauki guda, ya riƙe shi tsakanin yatsu ya daɗe. Tsohon ya jefa shi cikin masaki ya ce, “Aiki ya yi kyau, Sarkin Maƙera.” Bayi suka juye kuɗin a buhun fata suka fita.

Washegari Cindo ya aika fada cewa tagulla ta ƙare, maganar da ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ya kashe wuta, ya naɗe hatimin a tsumma ya rataya a wuya cikin riga. Daga nan ya zama ɗan kasuwa. Kullum yana yawo tsakanin masu fura da masu ƙuli, yana leƙen faifansu, yana jiran ranar da wata za ta ɗaga ɗan-ja ta ce wannan layin fa. Ya je gindin ganuwa ya roƙi wani magini ya nuna masa abin da aka ba shi, ya ga tsofaffin kuɗi ne baƙaƙe, masu sunan Talwasa. Kwana goma sha biyu bai ga mai tsaga ko ɗaya ba. Ya yi hamdala, ya kuma rasa barci, domin masaki guda na kuɗi ba ya ɓacewa a gari kamar Kurmasa.

A kwanakin ne ƙudan zuma suka zo suka dunƙule a kan ƙofar fada. Wasu malamai suka ce alamar ganima ce, wasu suka ce zuma ba ta tarewa sai a kogon da babu mai shi. Aka ba wa na farko riguna, na biyun aka ce su koma su ƙara duba littafi. Sai 'yan leƙen asiri suka dawo da labarin cewa Barden Talwasa, jagoran mayaƙanta, ya taso da dawaki dubu biyu da 'yan baka ba adadi. Waɗanda ke kusa da Sarki sun ce tun daga ranar da aka fara jin Talwasa na shirin yaƙi abinci ya daina shigarsa.

Kogin Marke yana da mashigi biyu. Babban kowa ya san shi. Ƙaramin, da ake kira Mashigin Gwauro, yana can sama tsakanin duwatsu, masunta da mutanen fada kaɗai suka san inda ake taka ƙafa. A zaure Sarki ya ce, “Madawaki, kai ka tsare babban mashigi da dukan mayaƙa. Mashigin Gwauro ka bar mini, bayina za su zauna a kai.” Aka kuma ce maƙera duka su bi rundunar, na baƙi su gyara kawunan mashi, na fari su ɗinke sulke. Haka Cindo da Nomau suka kafa maƙerarsu a gindin wata tsamiya, bayan sahun mayaƙa, duwatsu na bayansu.

Da hantsi Talwasawa suka shigo ruwa. Dawakinsu sanye da lifidi, auduga ta sha ruwa ta yi nauyi, doki ya kai tsakiyar kogi sai ya tsaya yana haki. Mutanen Tunau suka shiga ruwa iya ƙugu suna janyo mahaya da ƙugiya suna sokewa. Sau uku Barde ya turo dawaki, sau uku kogi ya tafi da su. Kafin rana ta take tsaka Kurmasawa sun fara kirari, har wani ya hau bishiya yana zagin Talwasa da sunan uwarta.

Sai kibau suka fara sauka daga baya, daga kan duwatsu, inda aka ce bayin Sarki na tsaro. Na farko sun faɗa sansani ne, kan masu dafa abinci da maƙera. Cindo na riƙe da zoben sulke a awartaki ya ji iskar zuga-zugi ta ɗauke. Ya waiwaya zai yi faɗa, ya ga Nomau zaune yadda ya saba zama, hannuwansa a kan fata, kibiya ta shiga ta wuyansa.

Sahu ya rikice, mutane na faɗuwa ta gaba da ta baya. Madawaki Tunau, kibiya a cinyarsa, ya sa aka ɗora shi a doki. Ya bar rabin mutane a bakin ruwa, ya juya da rabi, ya ce a cinna wa ciyawar gindin duwatsu wuta. Iska ta taimake shi. 'Yan bakan Talwasa suka sauko suna tari, suka tarar da masu mashi na jiransu. Da Barde ya ga hayaƙi ya gane dabararsa ta ƙone, ya janye kafin la'asar. Kurmasa ta ci yaƙi, ta kuma binne mutum ɗari uku a bakin kogi.

Al'ada ce duk ƙarfen da aka samu a ganima a zube shi gaban maƙeri ya ware. Cindo ya dawo daga binne ƙanensa ya tarar da tuli na jiransa. Kowane ɗan baka an same shi da 'yar jakar fata a ƙugu. Ya kwance guda, ya juye a tafin hannu. 'Yan-ja ne sababbi fil, suna ƙyalli, ga mashi a baya. Bai ma duba ba, yatsansa ya riga ya sami layin.

Kwana uku bayan haka aka cika zauren fada. An shigo da Madawaki a kan gadon kara, mayaƙansa suka tsaya a ƙofa da lakar kogi a ƙafafunsu. Ya sa aka juye jakunkunan gaban Sarki.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, an ce mini bayinka za su tsare Mashigin Gwauro, ban ga ko takalmin ɗaya ba. Wani ya nuna wa Talwasa inda ake taka ƙafa, wani kuma ya biya waɗanda suka taka. Kuɗin nan ba su taɓa shiga hannun mai daddawa ba. Wata guda ke nan hanya a rufe. Ina son in san ta inda suka fita.”

Sarki ya ɗauki guda ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Madawaki, ciwo na sa mutum zargi, ba na riƙe ka da shi. Talwasa na da maƙera. Sun buga jabu ne don su raba kanmu. Ku dubi wannan layi da ya ratsa sunana. Hatimina ba shi da shi. Sarkin Maƙera, matso ka gaya wa dattawa, wannan bugunka ne ko na Talwasa?”

Cindo ya matso da gwiwa. Ya ga ƙofar tsira a buɗe. Kalma ɗaya zai ce, jabu, ya tashi da hannunsa, ya je ya jefa hatimin a rijiya ya ce an sace a wajen yaƙi. A ransa ya ce Sarki, bawan Allah, bai san komai ba, ga shi ya sake tare masa. Amma abu biyu suka hana shi. Ɗaya Nomau ne, da Galadima da ke zaune can yana jan carbi kamar bai san an yi mutuwa a gari ba. Ɗayan kuwa, a ce a gaban dattawan ƙasa maƙeran Talwasa, waɗanda ko zoben kirki ba su iya lanƙwasawa ba, su suka yi wannan gefe mai santsi, su suka fitar da wannan mashi. Allah kaɗai ya san wanne ya fi yi masa nauyi.

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, bugun hannuna ne.”

Ya ciro tsumman daga wuyansa, ya kwance, ya ajiye hatimin a kan buzu, tsagar na kallon sama.

“Ranar Alhamis, kwana goma sha biyu kafin a fita yaƙi, ya tsage. Na ji tsoro na ɓoye. Masaki ɗaya aka buga da shi, kuma mutum ɗaya ya karɓa, ya ce na masu ganuwa ne. Masu ganuwa ba su gan su ba. Ga hannuna nan, a yi abin da aka yi wa baffana. Amma kafin a sare, a tambayi Galadima inda ya kai su.”

Galadima Barmo ya gama zagayen carbinsa, ya naɗe shi a hannu.

Ya ce, “Maƙeri bai yi ƙarya ba. Ni na karɓa, ni na haye kogi na kai wa Barden Talwasa, shi kuma ya raba wa 'yan bakan da za su bi ta duwatsu. Na haɗa masa da saƙo cewa Sarkin Kurmasa ya yi nadama, ga gaisuwa, ga hanyar Mashigin Gwauro. A kawar masa da Madawaki, a ɗora laifin tawaye a kan gawarsa, a bar shi a karagarsa. Ni bawan umarni ne. Ga abin da aka ba ni in nuna don a yarda da ni.”

Ya ajiye zoben azurfa kusa da hatimin. Babu wanda bai san zoben Sarki ba, Cindo ya fi kowa, domin shi ya ƙera shi ranar naɗi.

Madawaki ya juya wajen Shamaki, shugaban bayin fada. “Ina kuke ranar yaƙi?”

Shamaki ya dubi ƙasa ya ce, “An ce mu tsare ƙofar fada.”

Sarki ya dubi ƙofa inda mayaƙa suke tsaye riƙe da masu.

Alkali Malam Ɗalha ya yi gyaran murya. Ya ce, “Zancen cin amana yana da ranarsa da shaidunsa. Abin da ke gabanmu yanzu hatimi ne, ga shi a tsage, Sarki na da rai. Ku masu zaɓe huɗu, al'ada ta ɗora mini in tambaye ku. Tsagar nan ta hannu ce, ko ta karaga?”

Dogari ya riga ya matso bayan Cindo, domin shi ma ya san yadda aka saba amsawa. Cindo ya ɗora hannunsa a gwiwa yana kallon yatsa na shida, abin da yara suka yi ta tsokanarsa da shi.

Liman, wanda ya fi kowa tsufa, shi ke fara magana. Ya dubi Sarki, ya dubi lakar da ke ƙafafun mutanen ƙofa. Ya ce, “Ni dai na duba, hannun maƙeri lafiyarsa lau.”

Makama ya ce haka, Sarkin Bai ya ce haka. Galadima ya zo na ƙarshe, ya ce, “Ta karaga ce.”

Ishaƙu ya miƙe da kansa kafin a taɓa shi. Ya warware rawani ya ajiye a kan karaga. Da ya zo wucewa ta gaban Cindo sai ya tsaya, ya ce a hankali, “Na hana Talwasa hannunka, Cindo. Yau ma na so in bar maka shi.” Dogarai suka fita da shi ta ƙofar baya. Cindo ya ji baƙin ciki ya rufe shi, domin sai a lokacin ya gane Sarki ya san tsagar gaskiya ce, ciniki ya miƙa masa, kuma mutumin da ya kayar shi ne kaɗai ya taɓa tsaya masa a duniya.

Bayan kwana bakwai aka naɗa Tunau. Ba a sake tayar da zancen Galadima ba, tunda da bakinsa aka naɗa sabon sarki. Washegari da hantsi tsohon ya yi sallama a maƙera, ya miƙa wa Cindo takarda biyu da rubutun Alkali. Ta farko sunan Tunau, na hatimin sama. Ta biyu sunan Sarkin Talwasa.

Ya ce, “Mashi zai koma inda ya fito. Sabon Sarki ya ga abin da ya ci mana, jakada zai tashi jibi.”

Cindo ya riƙe takardun. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ranar Alhamis ɗin nan, ka ga layin?”

“Idona ya tsufa, amma yatsana na ji. Akwai tsofaffin kuɗi cike da ɗaki a wurin Ma'aji, waɗanda ba mai iya cewa daga ina suka fito. Naka na zaɓa. Da Tunau ya mutu, ba mai tambaya. Da ya rayu, ga shaida.”

“Da na ce jabu ne fa?”

Galadima ya gyara rigarsa. “Shekara talatin na san ka, Sarkin Maƙera. Ba za ka iya ba wa Talwasawa aikinka ba. Ka nemi ƙarfe mai kyau wannan karon.”

Ya fita. Cindo ya zuba gawayi, ya ɗauko ƙarfen da zai sassaƙa, ya ce a hura, kamar yadda ya saba cewa shekara arba'in. Wuta ba ta motsa ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zagaya ya zauna a wurin Nomau, ya kama zuga-zugin da hannun nan mai yatsa shida da aka bar masa.